Baƙin da Suka Zo Auna Karatunmu

Ƙauyenmu yana gefen babbar tur'ar da ke ɗauko ruwa daga madatsar Makwar ta raba wa gonakin Jazira a Sudan. Mahaifina yana da hawasha, wato gonar noman ban ruwa, kamar kowane magidanci a garin, ya shuka auduga a gefe guda, dawa da gyaɗa a ɗaya gefen. Mu kuma yara aikinmu korar tsuntsu da wanka a tur'a. Babu yaron da ya tashi a garin nan bai yi fitsarin jini ba, har ma wanda bai fara ba dariya muke yi masa, wai bai girma ba tukuna. Sai da na shiga jami'a na san cewa 'yar katantanwar nan da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa ita ke rainon tsargiya, kuma irinta mai kama hanji ce ta kumbura wa wan mahaifina ciki har ta kai shi kabari.

Wanda ya koya mini wannan wani malami ne da kowa ke kira Duktur. Dogo ne, siriri, mai furfura a gemu, kuma ba ya sauri a komai. A aji Larabci yake yi ya haɗa da Turanci, ba wanda zai ce ya iya wani harshe bayan su. Wata rana na kai masa aiki ofis, ya tambaye ni garinmu. Da na faɗa sai ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna, ya ce da ni da Hausa irin ta kakanninmu, “Mutanen gida suna lahiya?” Ashe ɗan wani ƙauyen Hausawa ne kusa da Kamlin. Tun daga ranar, in muna mu biyu, ba mu sake yin Larabci ba.

Duktur ya shekara da shekaru yana bin wata jami'a ta wata ƙasar Turai mai sanyi, har ta yarda a buɗe digiri na biyu na haɗin gwiwa da tamu, kan ruwan noma da cututtukan da ke biyo shi. Yadda aka tsara abin yana da kyau a ji. Ɗalibi zai fara karatu a nan, malamansu su riƙa zuwa suna koyar da wasu darussa. Kowa zai sami mushrif biyu masu duba bincikensa, ɗaya a nan ɗaya a can. A ƙarshe ya tafi ƙasarsu ya yi 'yan watanni a ɗakin gwaje-gwajensu, sannan a ba shi takardar shaida mai hatimin jami'o'in biyu. Ni ina cikin rukuni na biyu da aka ɗauka, a farkon shekarun dubu biyu.

Rukunin farko sun ga Turawan sosai. Mu kuwa ƙyallinsu kawai muka gani. Ɗaya ya canza wurin aiki, ɗaya zazzaɓin sauro ya kwantar da shi a zuwansa na farko bai ƙara dawowa ba, wata kuma kullum ana cewa tana hanya. Duk gurbin da aka bari Duktur ke shiga. Ya koyar da nasa darasin, ya ɗauki na sinadaran ruwa, ya ɗauki na lissafin ƙididdiga wanda ba fanninsa ba ne. Mun sani yana karanta babin ne kafin mu da 'yan kwanaki, don wani lokaci sai ya tsaya a gaban allo ya ce mu bari sai gobe, akwai inda bai gane ba. In an ɗauke wuta mu kwashi kujeru zuwa gindin darbejiya a ci gaba.

Mushrif ɗina na can kuwa sunansa kawai na sani. Nakan je shagon intanet a cikin birni in jira layi, in tura masa abin da na rubuta. Sau ɗaya ya amsa, ya ce ya gode zai karanta. Daga nan shiru. Abin ya riƙa cin raina. Ga sunan mutum zai hau kan aikina daidai da na Duktur, alhali bai san ko katantanwa nake bincike a kai ko kifi ba.

Ina da taubashiya, ɗiyar kawuna, wadda na girme ta kaɗan. Malamar kimiyya ce a makarantar sakandaren 'yan mata a Managil. Tun muna yara ta fi ni kai, kuma ba ta bari in manta da hakan. Da na fara bincike a tur'ar garinmu sai ta laƙaba mini suna mai kiwon katantanwa. Duk inda ta gan ni, ko cikin taro ne, sai ta tambaye ni ko garken nawa ya sha ruwa, ko an sami ƙaruwa. Amma in an watse takan zauna ta karɓi littattafaina ta yi ta dubawa, ta yi mini tambayoyin da nake kai wa Duktur washegari in nuna kamar nawa ne.

Ni na ce mata ta nemi shiga rukuni na uku. Ta nema, aka ɗauke ta. Sai dai karatun ba ya haɗuwa da aiki, makarantarsu kuma ta ƙi ba ta hutu, dole sai ta ajiye aikin. Kawu bai so ba. Ya ce aikin gwamnati ba abin da ake saki ba ne, balle ga 'ya mace, balle ga mu Hausawa da sai an sha wuya ake ɗaukar namu. Ni na je har gida na zauna a gabansa, na yi masa bayanin hatimi biyu, da tafiya Turai, da yadda za ta dawo ta koyar a jami'a. Na ce masa ni na tsaya mata. Daga ƙarshe ya ce tunda ni na gani da idona, to shi ke nan. Ta ajiye aiki a ƙarshen zangon karatu, ta dawo gida tana jiran a buɗe.

A tsakanin nan ne aka ce lajna, wato kwamitin bincike, na zuwa. Dokar ƙasar Turawan ce, duk karatun haɗin gwiwa sai an turo mutanen waje, waɗanda ba na wannan jami'a ba ba na waccan ba, sun auna ingancinsa kafin a sabunta yarjejeniya. Sashenmu ya rikice da shiri. Aka yi fenti, aka aro injin wuta daga wani sashe, aka wanke madubin gwajin da ya daɗe da lalacewa aka ajiye shi a sahu tare da masu aiki. Duktur bai hana ba, bai kuma sa hannu ba.

Ya kira ni ofis ya ce baƙin za su so ganin inda ɗalibai ke bincike, kuma ya zaɓi garinmu. Za su kuma keɓe da ɗalibai ba tare da malamai ba, ni ne Turancina ya fi sauƙin fita, don haka yawancin maganar a kaina za ta faɗo. Na tambaye shi me yake so in ce.

“Abin da suka tambaye ka, ka gaya musu,” in ji shi. “Ban ce ka ƙara ba, ban ce ka rage ba.”

Su uku suka zo. Shugabarsu wata dattijuwar Baturiya ce, 'yar ƙarama, mai gajeren farin gashi, ba ta da yawan murmushi amma tana saurare da dukan fuskarta. Sai wani farfesa daga wata ƙasa ta gabashin Afirka, mai jiki da son raha. Sai wani jami'i daga Khartum wanda yawancin lokaci yana kan waya. Bayan sun gama da ofisoshi da takardu, aka ɗauko su a mota zuwa ƙauyenmu.

Garin bai taɓa yin baƙi irinsu ba. Mahaifina ya yanka rago, ya sa aka kira wanda ya fi kowa iya agashe, tsiren ƙasar nan, ya gasa a ƙofar gida. Inna ta tashi tun asuba ita da maƙwabta, aka yi kisra, siririyar wainar dawa, da tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Taubashiyata ita ke kai da kawowa da faranti, ta sha farin lulluɓi irin na malamai mata. Duktur da kansa ya gabatar da ita ga dattijuwar, ya ce ga ɗaya daga cikin ɗalibanmu masu shigowa. Dattijuwar ta riƙe hannunta ta tambaye ta abin da take so ta bincika. Ta amsa da Turancinta na aji, a tsanake, ta ce tana so ta gano dalilin da ya sa mata masu wanki a bakin tur'a ba sa zuwa asibiti ko sun ga jini. Dattijuwar ta ce wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai, ta yi mata fatan alheri.

Bayan an ci an sha, Duktur ya zauna a inuwa da mahaifina da mutumin Khartum ana shan jabana, kofin gargajiya. Ni da abokan karatuna biyu muka raka dattijuwar da farfesan bakin tur'a. Muka nuna musu yadda muke zura raga mai dogon mariƙi cikin ciyawa mu kwaso katantanwa, da yadda muke ware su a kwalabe. Farfesan ya tsuguna ya duba, ya faɗi sunayensu, ya yaba. Sannan dattijuwar ta sami wuri a kan simintin ƙofar ruwa ta zauna, ta fito da alƙalami, ta ce yanzu tana so ta ji daga bakinmu.

Abokaina duk abin da aka tambaye su sai su ce komai lafiya, malamai suna ƙoƙari. Sai ta juyo kaina ta tambaye ni yaushe rabona da magana da mushrif ɗina na can. Na ce ban taɓa jin muryarsa ba. Ta ɗago ta dube ni. Ta tambayi wanda ya koya mana ƙididdiga, na ce Duktur. Sinadaran ruwa fa, na ce Duktur. Ta ce wa ya shirya jarrabawar, wa ya duba ta, wa kuma ya sake bin bayan mai dubawar. Na ce duk shi ne, ai babu wani.

Daga nan ban jira tambaya ba. Abin da ya daɗe yana cina ne ya sami hanya. Na ba ta labarin shagon intanet, da malamar da kullum tana hanya, da yadda dattijon nan ke karanta littafin da ba na fanninsa ba don kada a bar mu haka. Na gaya mata har madubin gwajin da aka wanke aka jera. A zuciyata ƙarar mutanenta nake kai mata, kuma yabon Duktur nake yi. Ina ganin in ta koma za ta ja musu kunne, su turo malamai, a kuma san darajar mutumin da ya riƙe abin shi kaɗai.

Ta ce, “In ya kwanta ciwo fa?”

Na yi dariya na ce, “To duk mun kwanta ke nan.”

Ba ta yi dariya ba, ta rubuta. Farfesan da tun ɗazu yake ɓare gyaɗar da aka cika masa aljihu da ita ya daina ɓarewa. A hanyar komawa ya rage tafiya har muka jera, ya dafa kafaɗata ya ce na yi magana kamar mutumin kirki, kuma yana fatan abin zai zo mana da sauƙi. Ban gane abin da yake nufi ba. Da yamma bayan sun tafi har na ce wa Inna yau na ƙwato wa Duktur haƙƙinsa.

Sakamakon bai zo ba sai da aka gama tsinkar auduga. Duktur ya tara mu a aji ya gaya mana abin da ke ciki, da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa. Lajna ta yaba masa ƙwarai. Ta kuma faɗi a fili cewa jami'ar can ba ta cika alƙawarin da ta ɗauka ba. Dattijuwar ba ta rufa wa mutanenta asiri ba ko kaɗan. Amma ta ce karatun da mutum ɗaya ke koyarwa, ya yi jarrabawa, ya duba da kansa, ba za a kira shi na haɗin gwiwa ba, kuma ba daidai ba ne a buga masa hatimi biyu. Ta ba da shawarar a bar mu da muka yi nisa mu ƙarasa, a ba mu duk abin da aka yi mana alƙawari, amma kada a shigo da sabon rukuni sai an gyara.

Jami'ar can ta duba ta ga rufewa ta fi gyara sauƙi. Rukuni na uku bai taɓa zama a aji ba.

Ba a daɗe ba kowa ya san abin da aka faɗa a bakin tur'a, don ba ni kaɗai nake wurin ba. Babu wanda ya zage ni. Wasu ma sun ce gara da na faɗa. Amma na yi kwanaki ina zagaye ofishin Duktur ban shiga ba. Ranar da na daure na je, na tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗago kai ya ce in shigo in zauna, babina na uku cike yake da kurakurai. Da na fara kame-kamen ba shi haƙuri sai ya katse ni, ya ce duk abin da na gaya wa dattijuwar da ta gani a takardun jarrabawa ko ban faɗa ba, tunda rubutun hannu ɗaya ne a kansu duka. Wataƙila haka ne. Amma na ga lokacin da ta ɗago kai ta dube ni, kuma na san ba takarda ce ta sa ta ɗago ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ni abin ya amfana. Saboda rahoton aka canza mini mushrif, aka ba ni wata mata mai amsa saƙo kafin in bar shagon intanet. Aka gaggauta takardun tafiyarmu. Duk abin da na yi ƙorafi a kai an gyara mini shi.

Taubashiyata kuwa ta koma Managil neman aikinta ta tarar an ba wata. Ta zauna a gida kusan shekara, tana taya Kawu aikin hawasha, da yamma ta tara yaran maƙwabta ta yi musu darasi. Ba ta taɓa ce mini komai a kan maganar ba. Wasan da ke tsakaninmu ne kawai ya mutu. In mun haɗu sai ta rusuna ta ce, “Yaya, ina kwana,” ta tambayi karatu, ta wuce. Taubashiya ba ta gaida mutum haka. Da ta zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Kawu ma bai canza mini fuska ba, sai dai duk lokacin da na je gaishe shi hirar ba ta wuce ruwa da farashin taki.

Inna ce kaɗai ta faɗa mini a fuska. Muna zaune a tsakar gida ana gobe zan tafi Khartum in hau jirgi, ta ce ita ba ta san kan wannan karatu namu ba, amma ta san baƙo ko ya ci tuwon gidanka ba a buɗe masa kowane ɗaki.

“Kai ka je ka roƙi ubanta,” ta ce. “Kai kuma ka ja ƙofar bayan ka shige.”

Mahaifina ya ce ta bar yaro, da ya yi wa mutane ƙarya a kan tabarmarsa da shi ne zai fara jin kunya. Inna ta ce ai ba ta ce ya yi ƙarya ba, tsakanin ƙarya da zuba akwai wuri mai faɗi. Suka yi ta yi, ina zaune a tsakaninsu ina ɗaure jaka. Da safe taubashiyata ta aiko mini da ƙullin soyayyar gyaɗa da zoɓo ta hannun Kawu, ita ba ta zo ba.

A can Turai na haɗu da mushrif ɗina na farko. A wani dogon baranda ne, wata ma'aikaciya ta nuna mini shi. Na daɗe ina shirya abin da zan gaya masa. Na tare shi na faɗi sunana, na ga bai tuna ba. Da na ambaci Sudan sai fuskarsa ta canza, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ya ji kunya, an ɗora masa aikin ne a kan wasu ayyuka da yawa, bai taɓa samun sarari ba. Mutum ne mai fara'a, ga alama gajiyayye. Ya tambaye ni ko ɗakin da aka ba ni yana da ɗumi. Na ce yana da shi, na gode. Ban faɗi ko ɗaya daga cikin abin da na shirya ba. Shi dai ba abin da ya same shi, yana nan a ofishinsa.

Na bi ofisoshi ina tambaya ko akwai yadda za a yi da waɗanda aka riga aka ɗauka a rukuni na uku. Kowa ya karɓe ni da mutunci. Amsar dai ɗaya ce, ƙofa a buɗe take su nemi shiga karatun jami'ar na yau da kullum kamar kowane ɗalibin waje, su biya. Ko an sayar da hawashar Kawu da ta mahaifina ba za su kai ba. Ban ma gaya wa taubashiyata na tambaya ba.

Kafin in dawo Duktur ya yi ritaya ya koma ƙauyensu kusa da Kamlin, inda yake da ɗan lambun lemun tsami a bakin kogi. Can na kai masa takardar shaidata. Na same shi yana gyara hanyar ruwa, ƙafafunsa duk laka. Ya wanke hannu, ya goge a jikin rigarsa sosai kafin ya karɓa. Ya daɗe yana duban hatiman nan biyu.

Ranar ya yi mini maganar da bai taɓa yi ba. Ya ce tun kafin lajna ta zo ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, malami ba ya zama alƙalin jarrabawarsa shi kaɗai, in wani ne ya yi haka shi zai fara tsawatawa. Sau da yawa ya zauna zai rubuta wa jami'ar can ƙorafi sai ya fasa, yana tsoron in ya matsa su ce a rufe. Sai ya yi ta toshe ɓaraka yana cewa baɗi za ta gyaru. Na tambaye shi, tunda ya san halina, me ya sa ya zaɓe ni.

Ya ce, “Don na san ba ka iya ƙarya ba. Kuma na gaji, ɗana.”

Har yau ban san ko da gaske yake ba, ko kuwa so yake ya ɗauke mini wani abu daga kaina. Da zan tafi ya cika mini leda da lemu, ya raka ni bakin hanya, ya tambaye ni labarin yarinyar Managil. Na ce tana gida. Ya girgiza kai ya ce wannan kam mu biyu muka ci amanarta. Ya rasu bayan 'yan shekaru, na sami jana'izarsa.

Na zama malami a jami'a, kuma da tafiya ta yi tafiya ni ma aka fara sa ni cikin irin waɗannan lajnoni, a gida da ƙasashen maƙwabta. Na zauna a gaban ɗalibai da alƙalami a hannu, na ga masu cewa komai lafiya, na ga kuma wanda ke matsa kujera gaba yana jira a tambaye shi. Abin da suka faɗa shi nake rubutawa, don ban ga wata hanyar ba. Dattijuwar nan ba ta yi kuskure ba, da ni ne a kan simintin nan abin da zan rubuta ke nan. Abu guda na ƙara a nawa aikin. Kafin in sa hannu nakan tambaya ko akwai waɗanda aka riga aka yi wa alƙawarin shiga, da abin da suka bari don su zo, in kuma nace a rubuta yadda za a yi da su. Wani lokaci a saurare ni, wani lokaci a ce wannan ba ya cikin abin da aka turo mu dubawa.

Taubashiyata ta sami aiki daga baya a wata firamare ta ƙauye, ta yi shekaru a can kafin a mai da ita sakandare. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, yanzu ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata a Managil. Wata shekara ta yi mini waya ta ce tana so in zo in yi wa ɗalibanta bayani a kan tsargiya, don yawancinsu daga ƙauyukan bakin tur'a suke. Na je. Ta gabatar da ni a matsayin ɗan gwaggonta, malami a jami'a, ta koma bayan aji ta zauna har na gama.

Da aka tashi ta ce za ta raka ni tasha, ita ma hanyarta ce. Motar ba ta cika ba, sai muka zauna a benci wurin wata mai shayi. Muka yi maganar yara da ciwon ƙafar Kawu. Can sai ta tambaye ni yadda ɗakin gwaje-gwajen Turawan yake, abin da ba ta taɓa tambaya ba tun dawowata. Na ce babba ne. Ta ce a'a, in gaya mata sosai. Sai na gaya mata: dogayen tebura, madubin gwaji kowa da nasa, ɗakin da ake kiwon katantanwa a ruwan ɗumi alhali waje ƙanƙara ce, laburaren da ba a rufewa sai dare. Ta tambaya ko akwai mata a ajin, na ce sun fi maza yawa. Ta tambaya ko wani ya taɓa yin bincike a kan mata masu wanki, na ce ban gani ba, har yanzu ban ga wanda ya yi ba.

Ta juya kofin shayinta a hannu ta ce da ta samu shiga, da ta yi shi da kyau. Na ce na sani.

Kwandasta ya fara buga jikin mota yana kiran mutum ɗaya. Ta miƙe ta gyara lulluɓinta, ta ce in gaida Gwaggo, in kuma gaya mata tana nan zuwa da yara in an yi hutu.